Allon da Na Goge da Hannun Rigata

Ni ba malamin Faransanci ba ne, kuma har yau in an wuce gaisuwa ban san komai a harshen ba. Lissafi nake koyarwa a aji shida na wata firamare mai zaman kanta a unguwar Yelwa da ke Bauchi, inda yawancin yaran 'ya'yan malaman jami'a ne da na masu shaguna. Iyaye ne suka jefa ni cikin tafiyar nan. Malamin Faransancinmu, wani bawan Allah mutumin kudu mai yawan fara'a, shi ya kawo shawarar a kai yara wani ƙauye a Nijar su yi mako guda suna shiga aji tare da yaran can. Iyaye suka ce ba za su sa hannu ba sai in da ni za a tafi. Wannan magana ta fasa mini kai. Na hau babur ɗina na koma gida Ƙofar Wambai ina ta juya ta a raina, na faɗa wa maiɗakina sau biyu kafin in cire takalmi. Ta ce, "Na ji, Malam. Tun na farkon na ji."

A lokacin na shekara goma sha bakwai ina riƙe da alli. Ajina shiru gare shi, in na shigo ko fensir ne ya faɗi sai an ji. Ban cika duka ba, ido kawai nake ɗagawa. Yara na cin jarrabawa, iyaye na tare ni a kasuwa su gaishe ni da hannu biyu, ni kuma na ɗauka shirun nan na ajina shi ne ƙauna, ko wani abu da ke kusa da ita.

Yarinya ɗaya ce ta gagare ni. Shekararta goma sha ɗaya, wurin zamanta bakin taga, kuma tana da i'ina mai tsanani. In na kira ta sai ta miƙe, leɓenta ya kama rawa, kalmar farko ta maƙale, 'yan aji su fara danne dariya, ni kuma in duba agogon hannuna in ce ta zauna. Daga baya na daina kiranta gaba ɗaya, na ce wa kaina tausayi ne. A takarda takan ci rabi ta bar rabi, don haka na yanke mata hukunci a zuciyata cewa matsakaiciya ce, na wuce wurin. Mahaifinta ne ya matsa aka sa ta cikin masu tafiya, wai ko canjin wuri zai sake mata baki.

Muka tashi a hutun zango na biyu, tsakiyar bazara. Yara goma sha huɗu, malamai uku: ni, da na Faransanci, da wata malama mai kula da 'yan mata. Muka bi ta Ningi, muka ratsa Kano da Daura, muka ƙetare iyaka. Bayan Matamaye muka bar kwalta, motar ta shiga yashi tana nishi, sai la'asar sakaliya muka hango rumbunan garin.

Muna tsayawa yaran ƙauyen suka kewaye motar, sai wasu suka ruga a guje suna ihu, "Mushe! Mushe!" Ni kuwa har na kai hannu hanci, ina waige-waige in ga inda jakin ya mutu, ina cewa a raina wane irin gari ne wannan da za a sauke baƙi kusa da mushe. Sai ga wani saurayi dogo siriri ya fito daga bayan wata bukkar zana, da koɗaɗɗiyar riga da silifas, da farin alli har a girarsa, yara na riƙe da hannuwansa biyu. Ashe shi ake kira. Yaranmu suka fashe da dariya, wani har ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki.

Saurayin bai ji haushi ba. Ya ce, "Ku yi dariyarku, na saba. Duk wanda ya zo daga Nijeriya sai ya yi. Ni ne mushen, amma ga shi kuna gani da ƙafata nake tafiya."

Malamin Faransanci ya yi mana bayani cewa kalmar daga Faransanci ta zo, da ita ake girmama namiji, kuma a can haka ake kiran malamin boko. Su suna faɗinta da wata 'yar murya daban, suna sauke ƙarshenta, amma a kunnen mutumin Bauchi duk ɗaya ne da dabbar da ta mutu ba yanka. Na fi kowa dariya a ranar. Har tausayinsa na ji, na ce wannan yaro ya gama karatu don a riƙa kiransa da abincin ungulu.

A gidan mai gari aka sauke mu. Na yi zaton kwana biyu ba za a yi ba yaran nan za su fara roƙona a mayar da su gida, don 'ya'yan famfo da ruwan leda ne, wasunsu ko Zungur da ke nan kusa da mu ba su taɓa zuwa ba. Ba wanda ya roƙe ni. Da sassafe suna bakin rijiya suna kallon yadda bijimi ke jan igiyar guga ya yi nisa kafin ruwa ya fito. 'Yan matan suka karɓi taɓarya, tafukansu suka yi kanta, suna nuna wa juna suna alfahari. Mazan suka koyi tuƙa amalanken jaki. Fura kuwa, wadda a gida sai an lallashe su, a can da ludayi ɗaya suke zagayawa ana faɗan layi.

Makarantar, wadda suke ce wa lakwal, bukkokin zana ne guda uku. Babu benci. Yara a kan tabarmi, kowanne da ɗan allo baƙi kamar faɗin littafi a kan cinyarsa, da guntun alli, da tsumma. Na zauna a baya a kan wata kujera da aka aro mini, na harɗe ƙafa, na shirya ganin abin tausayi.

Ga yadda yake yi. Sai ya faɗi tambaya da Faransanci, ya maimaita da Hausa saboda namu, ya yi shiru. Sai ya ƙwanƙwasa tebur sau ɗaya, kowa ya duƙa ya rubuta amsa. Ya sake ƙwanƙwasawa, sai alluna su tashi sama gaba ɗaya. Ba mai miƙewa, ba mai buɗe baki. Ya bi su da ido daga wannan gefe zuwa wancan, ya gyaɗa wa wannan kai, ya ɗaga wa wancan gira, wanda ya yi kuskure ya goge ya sake. Ba a yi wa kowa dariya, don kowa na fama da nasa allon.

An ara wa yaranmu alluna. Tun tambayar farko na ga allon yarinyar bakin taga ya riga na kowa tashi. Na ce sa'a ce. Ta biyu ma haka, ta uku ma haka. A rana ta uku ya ba su wani lissafin rabawa mai wuya wanda ni kaina sai da na motsa leɓe, aka ɗaga alluna, biyu kawai suka yi daidai, nata da na wata yarinyar garin. Ya tsaya a gaban tamu ya faɗi wasu kalmomi da Faransanci, sannan ya sa aji suka yi mata wani irin tafi nasu, sau uku a jere, a tsaya, a ƙara ɗaya. Sai ta yi dariya. Tun farkon shekara tana ajina, ban san tana da wushirya ba sai ranar.

Abin da na ji a ƙirjina ba farin ciki ba ne. Na so ya zama shi, na ma gwada murmushi, amma kishi ne, irin mai ɗaci wanda ke busar da miyau. Da aka fita shan iska ya zo ya durƙusa kusa da kujerata, don akwai shi da ladabi, wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushi. Ya ce, "Malam, yarinyar nan taku akwai kai. Kun yi aiki a kanta."

Na ce, "Muna dai taɓawa."

Daga ranar na zama mai neman laifi. Na lura rubutunsa a babban allo yana gangarawa ƙasa. Na lura ajinsa da surutu kafin a fara darasi, yara har taɓa masa riga suke yi. Na kai wa malamin Faransanci waɗannan ƙorafe-ƙorafe a gindin wata bishiyar dogon yaro, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce da Hausarsa, "Malam, ka sha ruwa, zafi ne yana damunka. Amma wannan yarinya ya iya lissafi fa."

In an tashi daga lakwal, yarana, waɗanda iyayensu suka damƙa mini, sai su bi shi. Wannan ya ɗaukar masa littattafai, wancan ya riƙe masa kwalin alli. Ni kuwa ina gindin bishiya da butata, in sun zo wucewa su rusuna su ce "Sannu, Malam," su ƙara sauri. Wata rana da yamma na hango shi yana tafiya zuwa rijiya, yarinyar na gefensa, bakinta na motsi. Ya rage sauri, ya sunkuyar da kai wajenta, yana jira. Na daɗe ina kallonsu, tana ta fama da kalma ɗaya, shi kuma bai ƙarasa mata ba, bai kuma dubi wani wuri ba. Na duba hannunsa, ko agogo ba shi da shi.

Kwana ɗaya kafin mu taho ya roƙe ni in yi wa ajin darasi, wai su ma su ƙaru. Na ce yau za a ga aiki. Na tsaya, na ɗaga ido, aji ya yi tsit kamar yadda na saba. Na cika babban allo da rubutu miƙaƙƙe, na nuna wani yaron garin da yatsa na ce ya tashi ya ba da amsa. Yaron ya miƙe, ya dubi malaminsa kamar mai neman ceto. Da na gama aka tafa mini, amma na ga lokacin da saurayin ya yi musu alama da kai.

Ranar tafiya an sha kuka. Ni na riga kowa shiga mota.

Da muka dawo Bauchi aka koma makaranta, sai na tarar mun taho da shi. Ajina yara talatin da wani abu ne, goma sha huɗun nan kuwa ba su da zance sai nasa. Mushe ya ce kaza. A lakwal ɗin Mushe ba haka ake yi ba. Waɗanda ba su je ba, da sun ji kalmar sai su kwashe da dariya, waɗanda suka je su hau su da faɗa. Rannan na buga tebur na ce, "Nan Bauchi ne. A nan mushe sunan abin da ungulu ke ci ne. Duk wanda na sake jin kalmar nan a bakinsa, shi zai share filin makaranta har mako ya ƙare." Aka yi shiru, irin shirun da na sani.

A gida ma ban bar shi ya huta ba. Ina cikin ba maiɗakina labarin yadda rubutunsa ke gangarawa, karo na nawa ban sani ba, sai ta ajiye ludayin miya ta ce, "Malam, wai yaron nan me ya ci maka?"

Na ce, "Ba komai. Me zai ci mini?"

Ta ce, "To na ga kullum da shi muke cin tuwo a gidan nan."

Na ja kwanon tuwona na ci gaba da ci. Amma yarinyar bakin taga ta koma yadda take a da, kai a sunkuye, kuma yanzu na san abin da ke cikin kan nan, ba zan iya yi kamar ban sani ba. Sati biyu ina kokawa da kaina. Ran wata Asabar na je wurin wani kafinta a nan unguwarmu, na sa ya yanka mini falanki ƙanana guda arba'in, ya goge gefunansu, ya shafa musu baƙin fenti. Ya tambaye ni na mene ne, na ce wani abu ne nake gwadawa. Shi kuwa hedimasta sai na ce masa a wani tsohon littafi na kwalejin horon malamai na ga dabarar. 'Yan aji kuwa na ce musu tunani ne da na daɗe ina yi. Goma sha huɗun suka dubi juna.

Abin ya yi aiki, wannan ya ƙara ba ni haushi. Yaran da na ɗauka sun gane ashe a bayan wasu suke ɓuya, waɗanda na ɗauka ba su san komai ba ashe tsorona ne ya ɗaure su. Ina ƙwanƙwasa tebur karo na biyu, allonta ne ke fara tashi daga bakin taga. Ta fara ɗago kai. Ta fara tsayawa bayan an tashi tana tattara alluna ba tare da an sa ta ba. Wata rana a bakin ƙofa ta tsaya, ta yi ta fama, har ta fitar da "Sai gobe, Malam" cikakkiya. Na ji daɗi har cikin raina, ba zan ɓoye ba. Amma duk sanda allunan nan suka tashi sama, sai in ga dogon saurayin nan da allinsa a gira, in ji kamar rigar wani na ara na sa.

Ran wata Alhamis, ana saura 'yan makonni jarrabawar shiga sakandare, na ba su wata tambaya mai wuyar gaske. Na ƙwanƙwasa, suka rubuta. Na sake ƙwanƙwasawa, alluna suka tashi. Nata kaɗai ne daidai. Ban san lokacin da na ce, "Madalla. Ku tafa mata," ba, abin da ban taɓa cewa a kan kowa ba. Aka tafa. Waɗanda aka yi tafiyar da su suka yi irin na can, uku a jere, a tsaya, a ƙara ɗaya. Na ga wushiryar karo na biyu.

Na ba da tambaya ta gaba. Na ƙwanƙwasa, na sake ƙwanƙwasawa. Alluna suka tashi, na bi su da ido har na kai bakin taga. Babu lamba a kan nata. Da kyakkyawan rubutunta ta rubuta: Na gode Mushe.

Wata da ke zaune kusa da ita, cikin waɗanda ba su yi tafiyar ba, ta leƙa ta karanta, sai ta dafe baki ta ce da ƙarfi, "Kai! Ta ce wa Malam mushe!" Aji ya ɓarke da dariya. A kan allo babu murya, babu sauke ƙarshen kalma, baƙaƙen sunan malamin da na mataccen jaki iri ɗaya ne. Goma sha ukun da suka rage cikin masu tafiya ba su yi dariya ba, ni suke kallo.

Da zan iya cewa ban gane nufinta ba, da na samu sauƙi. Na gane sarai. Yarinyar nan ta duba duk abin da ta mallaka, ta ɗauko suna mafi girma da ta sani ta ba ni, ta hanyar da bakinta ba zai hana ta ba. Na san haka tun kafin dariyar ta lafa. Amma abin da kishi ya raɗa mini shi ne, ko godiyar ma ba tawa ba ce, shi ake yi wa ta hannuna, kuma bayan shekara goma sha bakwai iyakar inda na kai shi ne a kira ni da sunan wani yaro mai silifas.

Na taka har bakin taga. Na ce, "Tashi." Ta tashi, murmushin bai gama barin fuskarta ba. Na ce, "Karanta mana abin da kika rubuta. Da baki."

Ta dube ni. Ta dubi allon. Ta samu ta fitar da "Na gode" da ƙyar, sai ta zo kan kalmar ƙarshe ta maƙale. Leɓenta ya haɗu ya ƙi rabuwa, sautin na fita ta hanci, idonta ya kawo ruwa. Na tsaya ina kallonta, ban duba agogo ba. Wannan ne karo ɗaya tak da na taɓa jiran ta, kuma don mugunta na yi. Da na ga ba za ta iya ba, na karɓi allon, na goge shi da hannun rigata, na miƙa mata. Na ce, "A ajina lamba ake rubutawa. Zauna."

Da na koma gida maiɗakina ta ga farin alli a hannun rigar ta tambaya, don ba ɗabi'ata ba ce in ɓata kaya. Na gaya mata duka, ban rage komai ba. Ba ta yi mini tsiya ba wannan karon, da ma ta yi. Ta ce, "Gobe ka kira ta ka ba ta haƙuri." Na ce to. Gobe ta zo, Juma'a ce, an tashi da wuri. Litinin na ce sai an fita shan iska. Haka na yi ta ɗagawa, ina nemo kalmomin da babba zai faɗa wa yarinya ba tare da girmansa ya zube ba, har jarrabawa ta zo.

Ita kuwa ba ta daina ɗaga allo ba, kuma ba ta daina yin daidai ba. Sai dai ta koma ɗaga shi daidai fuskarta, yadda ba na ganin komai sai lambar da yatsunta. Ta daina tattara alluna. Ba ta sake yi mini sai gobe ba.

Ta ci jarrabawa da sakamako mai kyau, aka kai ta makarantar kwana a wani gari. Mahaifinta ya zo har Ƙofar Wambai ya yi mini godiya, ya ce dabarar allon nan da na ƙirƙiro ita ta buɗe wa 'yarsa kai, Allah ya saka mini. Na ce amin. Na raka shi har bakin titi ya hau keke, ban gyara masa zancen ba.

Har yau da allunan nake koyarwa, an sake musu fenti ya fi sau biyar. Sababbin malamai suna zuwa su zauna a bayan ajina su koya, suna ce mata dabarar Malam. Saurayin nan ban sake jin labarinsa ba, ban ma san ko yana garin ba, kuma na daina jin haushinsa tuntuni. Amma duk sanda na ƙwanƙwasa tebur karo na biyu, bakin taga nake fara dubawa, ko wane ne ke zaune a wurin. Yara suna gaya wa ƙannensu dokokin ajina tun kafin su iso, don haka ban sake buƙatar maimaita waccan dokar ba. Tun daga ranar, duk allon da aka ɗaga mini lamba ce a kai, kamar yadda na ce.